Shekarar da Muka Nutsar da Kachalla

Ya ku 'ya'yana da jikokina, na ji labarai iri-iri a kan ɗingishin nan nawa, kuma duk a cikin gidan nan aka ƙera su. Wasu sun ce kada ne ya kama ni, wasu sun ce na taka wurin da ba a takawa a bakin ruwa. Ban taɓa ƙaryata kowa ba, domin kada ya fi mini daraja a kan abin da ya faru. Amma yanzu ido ya fara gajiya, gara in rubuta da hannuna tun kafin wani ya ƙara mini dorina. Ku yi haƙuri da rubutun. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma malamin ya ce in dai ina ajin jahilci ne zai ci yaƙin, saboda surutu. Ciyawa ce ta ci mini yatsa. Ga yadda aka yi.

Kakanninmu da shanu suka shigo wannan ƙasa ta Kirikasamma, suka ga ruwa da makiyaya suka kafa bukka, bukka ta zama gari. Kafin a zo kaina shanun sun ƙare, sai sunan Fulani da siraran ƙafafu. Abin da ya riƙe mu shi ne wata ƙorama da ta ɓalle daga kogi ta gangaro ta bayan gari. In damina ta yi nisa ita ke kawo ruwa ta shimfiɗa a fadama mu yi shinkafa, in ya janye mu bi danshin da wake, yara kuma su kwashi tarwaɗa a kududdufi. Ina yaro ruwan yana zuwa yana tafiya, kowa ya san lokacinsa. Da aka gina madatsun ruwa can sama wajen Kano, kogi ya daina bushewa da rani, bakin ƙoramar ya zama kullum a jiƙe. Nan kachalla ta samu gida. Ku da kuka buɗe ido kuka gan ta kuna tsammanin tare da kogin aka halicce ta. Baƙuwa ce. Ciyawa ce da ta fi ƙaton mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero amma ba ƙwayar da za ka ci. Ta cika bakin ƙorama, ta tare laka, laka ta taru ta toshe hanya. Ruwa ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, sai ya juya ya malale gonakin Barebarin da ke sama da mu. Su suna kukan ambaliya, mu fadamarmu tana tsagewa.

Dabarar da muka sani ɗaya ce, wuta. Duk rani mu fita gari guda mu cinna mata, ni ne kan gaba, domin aiki ne da ba ya son ƙarfi sai ihu. Wuta ta tashi, hayaƙi ya rufe rana, samari su kama gafiya, mu dawo baƙi ƙirin muna yaba wa kanmu. Da ruwan farko sai ta fito kore shar, ta fi ta bara kauri. Mu ce ai wutar ce ba ta yi ƙarfi ba, baɗi ma ƙara. Haka muka yi shekara da shekaru. A rediyo muna jin an kawo injina masu iyo suna share babban kogi, to kogin kaɗai ya ishe su aiki, ƙoramarmu ko akuya tana tsallake ta a wasu wuraren, wa zai kawo mata inji?

A shekarar da nake ba ku labari, da faɗuwar damina, yayana Sule, wanda kuke kira Baffa, ya kira ni zaure bayan la'asar. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, mutum ne da in ya yi magana sau ɗaya ya gama.

“Ɗan'azumi, zauna, kuma ka rufe bakinka har in gama.”

Na ce, “Yaya, ɗaya daga ciki zan iya.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Surukaina na Malam Madori sun ba ni fili a tudu. In bana ruwa bai sauka fadama ba, ana gama girbin gero gidan nan zai tashi. Da ni, da kai, da iyali. Ba zan zauna in ga yara suna cin tuwo sau ɗaya ba saboda kunyar barin kufai.”

Gaskiya ya faɗa. Na tashi na fito daga zauren. Ni ba na iya tuna ranar da na kwana inda ba na jin kukan kwaɗi. A Malam Madori me zan zama? Tsohon da ke zaune bakin titi yana ƙirga motocin wasu.

Ana cikin haka yayarku babba ta zo ganin gida daga Haɗeja. Kun san ita ce ta fari, don haka ba zan rubuta sunanta ba, kamar yadda ban taɓa kiran sa da bakina ba. Haka muka gada, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, in ya shigo ta nan ka fita ta can. Ta yi makarantar koyon aikin gona, ta zama malamar gona, ni kuwa duk abin da na sani game da aikinta shi ne tana sa hular rana a kan mayafi. Ran nan ina bayan zana ina kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau, na ji ta aika an yanko mata karan kachalla, ta ɗebo ruwa a bokiti ta ajiye gaban Innarku. Murya ta ɗaga fiye da yadda ake yi wa wanda ke kusa, na san ba da Innarku take ba.

“Inna, ki duba nan.”

Na leƙa ta ramin zana. Ta tsoma gindin karan a ruwa ta hura ta sama, sai ga kumfa yana tasowa ɓul-ɓul.

“Kin gani? Cikinsa duk ƙananan hanyoyi ne. Saiwar tana can cikin laka, ta wannan karan take shan iska. In an ƙone ta da rani, sama kawai aka ƙone, tokar ma taki ce a gare ta. Amma in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar kamu ɗaya, ruwa ya rufe kan kututturen, to an toshe mata hanci. In ta sake leƙowa a sake yankewa. Saiwar ruɓewa za ta yi.”

Innarku ta ce, “To ni me zan yi da wannan karatu, lauje gare ni?”

“Na dai faɗa ne, Inna. Ko da akwai mai sauraro.”

Sai na yi tari, na ce wa zanar, “A tambayi masu bokiti, yaushe ake yankan?”

Ita ma zanar ta ba amsa: “A gaya wa masu rediyo, yanzu ne, da ruwa ya cika. In ya janye an makara.”

Washegari na tafi bakin ƙorama ni kaɗai na yanki kara na gwada. Maimakon in hura sai na zuƙa, na sha ruwan laka har ya fito mini ta hanci. Da na gama tari na hura daidai, ga kumfa. Na tsaya cikin ruwa ina dariya kamar wanda ya tsinci saniya. Ashe duk shekarun nan taki muke kai mata, har da kiɗa.

Ran Juma'a bayan an sauko na faɗa wa mutanen gari a gindin tsamiya. Na yi bayani iyakar ƙoƙarina, har na hura musu kara a buta. Yaya Sule ya dube ni ya ce,

“Wa ya gaya maka wannan?”

Na ce, “A rediyo na ji.”

Wani dattijo daga baya ya ce, “Rediyon nan mai mayafi?”

Wuri ya ɗauki dariya. Ashe mata sun riga ni kai labarin gida-gida. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. A ce namiji mai furfura, Bafillace, 'yarsa ta fari ta koya masa aiki ya tashi da gudu, wannan ya fi a ce wandonsa ya faɗi a kasuwa. Daga ranar in na wuce sai in ji ana cewa, “An aike ka ne, Ɗan'azumi?” Ban da wannan ma, lokacin noman gero ne, kowa yana gonarsa ta tudu, ba wanda zai bar abin da yake gani ya shiga ruwa don kumfar bokiti. Ban ga laifinsu ba.

Ni ma ina da gonar gero, kuma ita ce abincin ɗakinmu na shekara. Jikina ɗaya ne, ba zai yi noma ya yi yanka ba. Da na gaya wa Innarku abin da na yanke, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

“Malam, geron fa?”

“Allah zai duba shi.”

“Allah ya ba ka fartanya don ka duba shi da kanka. In ciyawa ta cinye, me zan zuba wa yara?”

Na ce, “In na yi noman, za mu ci gero bana, baɗi mu ci shi a Malam Madori.”

Ta ci gaba da tankaɗenta, sannan ta ce, “Ka shafa manja a ƙafa, matsattsaku ba sa son sa.” Ban san ko gaskiya ne ba. Ni dai nawa matsattsakun da manjan suka haɗa suka sha.

Na shiga. Kullum da hantsi in tuɓe riga in kutsa, ruwa iya ƙirji, in lalubi kara in sunkuya har haɓata ta taɓa ruwa in ja lauje. In na tara in janyo zuwa gaɓa, don in ka bar ta a ciki ita ma toshewa take. Sauro a cikin kachalla ba ya jiran dare. Ganyenta yana yanka kamar reza, hannuwana suka zama kamar an yi musu tsaga. Inda na yi ganda na yanka sama-sama, kafin mako ta leƙo tana gaishe ni. Amma inda na yanka da zurfi, bayan ɗan lokaci sai wani wari ya fara tashi, ruwan ya yi baƙi, in ka sa ƙafa saiwar ta narke kamar dafaffen kabewa. Ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba. Matsalar ita ce da na fito gaɓa na dubi abin da na share, faɗinsa bai wuce tabarma ba, tsawonsa kuma ɗan jifa ne. Na dubi abin da ya rage har inda ido ya tsaya. Na ga in na dage, jikan jikana zai ƙarasa.

Sai na tuna akwai wasu da abin ya dama kamar mu, Barebarin nan na sama da ruwanmu ke kwana a gonakinsu. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kaka da kakanni, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawansa, ka faɗa masa abin da in wani ne sai an kai ga alƙali, shi kuwa ba shi da ikon fushi. Na san in na je na roƙe su za su ce sai sun yi shawara, shawarar ta kai rani. Don haka ban je roƙo ba. Ranar kasuwarsu na sa rigata mai kyau na tafi rumfar masu kifi, inda wani Modu yake, babban masunci ne mai kwalekwale, mun saba zagin juna tun muna samari.

Yana hango ni ya ce, “Ku ɓoye nono, ga bawana ya zo. Bafillace, wa ya kwance ka?”

Na ce, “Modu, gaisuwar ta'aziyya na zo yi. An ce Barebari sun daina shiga ruwa.”

“Wane maƙaryaci ya faɗa?”

“Idona. Ga ni nan, mai ƙafa kamar sillen kara, wanda kakansa bai san ruwa ba sai a ƙwarya, kullum ina cikin ƙorama iya wuya ina buɗe wa gonakinku hanya. Ban ga Babarbare ko ɗaya ba. Na tambaya aka ce tsoron matsattsaku kuke. Na ce a bar su, ai aikin ubangida ne ya kula da bayinsa.”

Rumfa ta kaure. Wata tsohuwa mai soya kifi ta ɗaga matsami ta ce a riƙe ta kada ta ƙone ni. Modu ya miƙe ya kama hannuna zai mayar mini da magana, sai ya ga yankan da ke jiki. Ya juya hannun ya sake dubawa. Murya ta sauka.

“Kai, da gaske kake shiga?”

Na sa aka kawo kara da kwano na hura musu. Na gaya musu warin da na ji. Modu ya karɓi karan ya hura da kansa, ya ba na kusa da shi. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jibi ku fito da jirage. Kada wannan abin ya nutse a ruwanmu a ce mun kashe Bafillace, ba mu da saniyar biyan diyya.”

Suka zo, da kwalekwale, da manyan gorunan da suke hawa su kama kifi, da lauje da shebur, har da mai ganga. Su mutanen ruwa ne, abin da nake yi a yini su kafin azahar sun ninka shi. Masu yanka suna gaba, masu jirgi suna kwashewa, masu shebur suna bin baya suna fidda laka. Kuma ba su yi aikin shiru ba. Mai gangar ya tsaya daidai bayan garinmu suka dinga waƙa, wai Fulanin garin nan duk mata ne sai guda ɗaya, shi ma rabi. Samarinmu suka jure yini biyu, a na uku suka ajiye fartanya suka faɗo ruwa suna rama zagi. Dattijon nan mai maganar rediyo mai mayafi ma na gan shi a gaɓa yana jan ciyawa, da muka haɗa ido ya ce motsa jiki yake yi. Mata suka ɗora tukwane. Yaya Sule kaɗai bai zo ba. Shi ya riga ya faɗi magana, kuma ruwa bai sauka ba tukuna. Ya tura manyan 'ya'yansa maza biyu Malam Madori su fara gini, ya hau ɗakinsa ya fara cire kwanon rufi.

A cikin wannan hidima na taka kututturen kachalla da aka yanka a karkace, ya shige ƙarƙashin babban yatsana na dama. Na ɗaure da tsumma na yi shiru. Lokacin yanka na biyu ne, ta fara leƙowa a wuraren farko, na san in na kwanta mutane za su ce an gama su watse, aikin ya tashi a banza. Na ci gaba da shiga da ƙafar. Ta kumbura, ta yi zafi, ta fara irin warin da nake yabo a jikin saiwa. Ranar da na faɗi a gaɓa, Modu ne ya saɓa ni a kafaɗa yana cewa ko buhun ƙaiƙayi ya fi ni nauyi. Aka sa ni a babur zuwa titi, daga nan mota ta kai ni asibiti a Haɗeja. Likita ya duba ya ce ko yatsa ko ƙafa, in zaɓa. Na ce ya ɗauki yatsan, dama ba ya taya ni komai sai tuntuɓe.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Gerona ciyawa ta shanye shi, abin da ya tsira tsuntsu ya ƙarasa. Shekarar nan daga rumbun Baffanku Innarku ta riƙa ɗiba, kuma ita ce ke zuwa da ƙwarya ta tsaya, ba ni ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. 'Ya'yan Baffa biyu da suka tafi ba su dawo ba, sun samu sana'a a can sun yi iyali, har ya rasu yana kallon hanya ranar sallah. Ni kuma ban sake gudu ba.

Ina kwance a asibitin ba na samun labari sai na masu zuwa dubiya, wannan ya ce ruwa ya matso, wancan ya ce ya tsaya. Yayarku takan kawo abinci ta ba Innarku a bakin ƙofa, ta tambayi bango ya jiki, bango ya ce da sauƙi. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga Yaya Sule ya shigo. Mutumin da ko gona zai je sai ya karkaɗe riga, ga shi da wando jiƙe har gwiwa, laka ta bushe a ƙaurinsa, haka ya hawo mota. Ya zauna a bakin gado, ya dubi ƙafata da aka naɗe, ya dubi silin.

“Ya jiki?”

“Da sauƙi, Yaya. Ina ka shiga haka?”

“Gonar Baba ta fadama.”

Na yunƙura zan tashi, ya danne ni da hannu ɗaya.

“Kwanta. Kai dai tun kana yaro ba ka taɓa rage mini aiki ba. Kwanon da na cire, yanzu sai na nemo ƙusa na mayar.”

Na ja mayafi na rufe fuskata, na ce fankar asibitin ce ke sa mini ruwan ido. Ya ce shi ma ta dame shi.

Kachalla ba ta mutu ba, kada wani ya ruɗe ku. Inda aka nutsar da ita ta tafi, amma irinta yana yawo a iska, duk shekara sai ta gwada dawowa. Ranar da ruwa ya cika bana, ku sa a kai ni bakin ƙorama. In ba zan iya sunkuyawa ba, zan iya zagin Barebari daga gaɓa har ku gama.